Zaƙin da Ba na Sukari Ba: Shin Yana Rage Ƙiba?

(Laccar da wata ma'aikaciyar lafiya ta gabatar a wata islamiyya da ke Agege, Legas. An rubuto ta daga naɗin murya.)

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo wurinmu, ta hau sikeli, ta ga kilo 94, ta sauko tana salati. Ta ce, "Malama, wata shida ke nan rabona da sukari." Na ce to me take sha? Ta zuge jaka ta ciro wata 'yar roba mai ƙananan ƙwayoyi farare, biyu take jefawa a shayi. Lemon kwalba ma sai wanda aka rubuta babu sukari a jikinsa. Amma burodin Agege yana nan, shafe da bota, da dare kuma taliya da ƙwai daga wajen mai shayi. Wallahi ta ba ni tausayi, don ta yi iya ƙoƙarinta.

Waɗannan sinadarai masu zaƙi da ake sawa a madadin sukari ba sababbi ba ne. Sakarin tun 1879 aka gano shi a Amurka, zaƙinsa ya ninka na sukari kusan sau 300. Aspartam ya biyo baya a 1965, shi ne a yawancin lemukan nan. Sukralos kuwa ya kai ninki 600. Harshe zai ji zaƙi, jiki bai samu komai ba, shi ya sa aka ɗauka an samu mafita.

To a watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a riƙa amfani da su don rage ƙiba. Ta tattara bincike masu yawa, ta ga a gajeren lokaci nauyi kan ɗan sauka, amma idan tafiya ta yi nisa ba a ganin amfanin. An ma ga masu yawan shan su shekara da shekaru sun fi kamuwa da ciwon suga da ciwon zuciya. A nan zan yi adalci: wasunsu dama suna da ƙiba ko alamun ciwon kafin su koma ga sinadaran, don haka hukumar ba ta ce su ne sanadi kai tsaye ba.

Me ya sa nauyin ba ya sauka? Mutum ya sha lemo marar sukari, sai zuciya ta ce masa ai ka rage, ƙara cokali. Harshe kuma ya saba da zaƙi mai ƙarfi, har gwanda da kankana su zama lami a bakinsa. Sannan wani bincike na 2022 a kan mutane 120 ya nuna sakarin da sukralos na sauya ƙananan halittun (bakteriya) da ke zaune cikin hanji, da yadda jiki ke sarrafa suga.

Maganar cutar kansa (ciwon daji) da kuka ji a WhatsApp: a Yulin 2023 an sanya aspartam cikin jerin abubuwan da "mai yiwuwa" su jawo ta, hujjar ba ta da ƙarfi. Mai kilo 70 sai ya sha gwangwanin lemo 9 zuwa 14 kullum kafin ya wuce iyakar da aka gindaya. Ni abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a auna ba: kunun aya da zoɓo da ƙanƙarar leda da yaranmu ke saya a bakin makaranta. Sukari ya yi tsada, wasu masu sana'a na barbaɗa sakarin da ka. Idan kin kurɓa kika ji wani ɗaci-ɗaci ya maƙale a maƙogwaro bayan zaƙin, to ki yi shakka.

(Wata dattijuwa ta ce tana da ciwon suga, shin ta daina?)

A'a Hajiya, kada ku daina da kanku. Waccan shawara ta Hukumar Lafiya ba ta haɗa da masu ciwon suga ba. Ku tafi da robar wajen likitanku ya duba.

Sauran mu kuwa, hukumar ta ce kada sukarin yini ya wuce ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Mai zuba cokali uku a shayi ya koma biyu na mako biyu, sannan ɗaya. Zoɓo a haɗa shi a gida da citta da kanumfari da abarba. In ƙishi ya kama ku a cunkoson Oshodi, ku kira mai ruwa, ku bar mai lemo ya wuce. Baiwar Allahn nan haka muka fara da ita, kuma wata mai zuwa za ta dawo mu sake hawa sikeli.