Lokacin da Kano take zangon jiragen duniya

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya ji tsofaffin ma'aikatan filin jirgi suna kewar tafiyar jirgin sama ta zamanin da, kada ya ɗauka tsufa ne kawai. Suna da hujja.

A watan Nuwamban 1925 jiragen sojan saman Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanyar Khartum zuwa Kano. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa sai garin ya zama zango: jiragen kamfanin BOAC na Ingila daga Landan zuwa Legas, da na kamfanin KLM na Holand daga Amsterdam zuwa Johannesburg, duk nan suke yada zango. Dalilin shi ne mai. Jirgi mai farfela in ya ƙetare Sahara tankinsa ya yi ƙasa, dole ya sauka ya sha.

Ku ɗauki jirgin Boeing Stratocruiser, wanda BOAC ta sa a hanyar Landan zuwa Legas a ƙarshen shekarun 1950. Hawa biyu gare shi. Matakala mai murɗe take kai mutum falon ƙasa, inda fasinjoji ke zama suna hira. Da dare ma'aikaciya ta sauko da gado daga rufi, ta shimfiɗa zani, ta ja labule. Abinci a farantin tangaran yake zuwa, da cokali da wuƙa na ƙarfe. Mutane kuma kwalliya suke yi kafin su shiga, kamar za su ɗaurin aure. Wallahi abin ya yi kyau, kuma an yi asararsa.

To amma me ke riƙe da wannan daɗi a sama? Inji huɗu ne, kowanne da silinda 28, kowace silinda da filogi biyu. Ku lissafa: filogi 224 a jirgi ɗaya. Man da suke sha akwai dalma a ciki, ita ke taruwa a bakin filogi ta toshe shi, injin ya fara tari, makanikai su kwana suna kwancewa. Ruwan farfelarsa ma ƙarfe ne mai rami a ciki. In ya tsage ya ɓalle, girgizar kaɗai tana iya tumɓuke injin daga fiffike. Shi ya sa akwai injiniya zaune bayan matuƙa, idonsa a kan agogon zafi da na matsin mai tun tashi har sauka.

Ga kuma yanayinmu. Iskar rana mai zafi ba ta da nauyi, fiffike ba ya samun abin dogara sosai, injin ma ƙarfinsa raguwa yake, sai a rage kaya ko a jira sanyin dare. Da damina jiragen ba sa iya hawa can sama da hadari. Ranar 24 ga Yunin 1956 wani jirgin BOAC samfurin Argonaut ya tashi daga Kano ya shiga guguwar hadari, iska ta danne shi ya bugi bishiya. Mutum 32 cikin 45 suka rasu.

Kujerun nan masu faɗi kuwa, tsadar tikiti ce ta biya su. Jami'an mulkin mallaka, manyan 'yan kasuwa da ɗaliban da gwamnati ta tura karatu, su ne yawancin fasinja. A 1964 BOAC ta sa jirgin VC10 mai injin jet a hanyar Legas, sannan Boeing 747 ya fara aiki a 1970, kujeru suka ƙaru, farashi ya sauko, gadaje suka ɓace. Da jirage suka iya ƙetare hamada su wuce ba tare da shan mai ba, kamfanonin da ke tsayawa a Kano suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya.