OGame: Ka tura ayarinka tafiya, to yaya aka yi aka tarwatsa shi?

Jama'a, tambaya ɗaya ce ke ta maimaita kanta a bakin sababbin 'yan wasan OGame: na kwashe jiragena na tura su tafiya kafin in kwanta, na tashi na tarar da tarkace, ina matsalar take? Amsar tana wajen dawowa, kuma nan za mu daɗe yau.

Ga wanda bai san wasan ba, a gurguje: wasan yaƙin sararin samaniya ne, kowane ɗan wasa da duniyarsa da jiragensa. Tun 2002 ake buga shi a intanet, kamfanin Gameforge na Jamus ke tafiyar da shi. Kana haƙo ƙarfe, kiristal da diyuteriyam, wanda shi ne man jirage. Wasan ba ya tsayawa don ka kashe kwamfuta. Duk jirgin da ke fake a duniyarka ana iya kai masa hari, amma wanda ke cikin tafiya babu mai taɓa shi. Shi ya sa kowa ke cewa ka tura ayari. Gaskiya ne, sai dai rabin maganar ke nan.

Akwai wani gini da ke kan wata. Falans ke nan, na'urar hangen zirga-zirga. A kan wata kaɗai ake gina ta, kuma kowane dubawa yana cin diyuteriyam 5,000. Nisan da take gani kuwa, ka ninka matakinta da kansa ka cire ɗaya: mataki na 4 yana ganin tsarin rana 15, na 5 yana ganin 24. Idan maƙwabcinka ya haska duniyarka, zai ga jiragen da suka fita da lokacin dawowarsu, har daƙiƙa.

Ga yadda yake lissafi. Ayarinka zai sauka 07:14:20. Tafiyarsa zuwa wajenka minti 40 ce. Sai ya tashi 06:34:23, ya iso daƙiƙa uku bayan saukarka, jiragen kwasar tarkace na biye da shi a baya. Ko kana zaune gaban allo, da wuya daƙiƙa uku su ishe ka sake ɗaga ayari. Kuma riba yake nema, domin a ƙa'idar asali kashi 30 cikin 100 na ƙarfe da kiristal ɗin jiragen da aka farfasa suna zama tarkacen da ake kwashewa, a wasu sararin wasan, wato sabar da ake bugawa a kai, ma ya fi haka.

To, umarnin da ka ba ayarin shi ne komai. Kai kaya, kai hari, kwasar tarkace, muddin daga duniya suka tashi, ana ganin dawowarsu. Umarnin girke ayari a wata duniyar taka shi ne daban. Yayin tafiya ana ganinsa, amma da zarar ka danna a juyo, sai ya ɓace daga Falans.

A nan mutane ke tuntuɓe, don haka ku saurara da kyau. Ayarin da aka juyo yana ɗaukar daidai lokacin da ya riga ya ci a hanya. Idan ka tura shi 22:50 ka juyo shi 23:00 ka kwanta, 23:10 yana gida, ya kwana a fili kamar akuyar da aka ɗaure a bakin ramin kura. Idan barcinka daga 23:00 ne zuwa 07:00, tun 14:30 ya kamata ya tashi. Ka juyo shi 23:00, ya sauka 07:30, lokacin idonka biyu. Wannan na nufin tafiyar da ka zaɓa dole ta fi awa takwas da rabi tsawo, in ba haka ba zai isa can ya sauka kafin ka juyo shi. Ka sauke gudu zuwa kashi 10 ko 20 cikin 100, ka haɗa da jirgin kwasar tarkace ko da guda ɗaya, tunda ayari da gudun mafi nawa a cikinsa yake tafiya. Ga shi tafiyar sannu ta fi sauƙin mai. Kada ka manta ka loda dukiyarka: babban jirgin kaya yana ɗaukar 25,000, ƙarami 5,000, kafin ƙarin bincike.

Shin an tsira ke nan? Ba gaba ɗaya ba. Mai naci zai yi ta haskawa yana ƙona dubu biyar-biyar har ya kama daƙiƙar da ayarin ya ɓace. In ya san lokacin tashi, ya san lokacin dawowa. Saboda haka kada ka riƙa juyowa a lokaci guda kullum, kuma kada ka yi a idon wanda ka ga 'yan leƙen asirinsa sun dame ka tun yamma.

Ni a ganina, duk wanda ya tara ayarin kirki bai nemi wata ba, ya saka kansa cikin haɗari da gangan. Falans ba ta haska wata. Girke ayari daga wata zuwa wata ba ya bayyana ko kaɗan. Samun watan kuwa sa'a ce: kowane tarkace 100,000 a yaƙin da aka yi a kan duniyarka yana ba da kashi 1 cikin 100, iyakarsa 20. Shi ya sa abokan ƙawance ke fasa wa juna ƙananan jirage da gangan har a dace.

Abu biyu ke karya mai wata. Idan daga wata ka tura kwasar tarkace, wanda ya sa ido zai ga lokacin da tarkacen ya ɓace a taswira, ya ƙiyasta dawowarka. Sannan Tauraron Mutuwa, wani katafaren jirgin yaƙi, yana iya rusa watan kansa, ayarin ya koma duniya, Falans ta gan shi sarai. Idan ka ga irin wannan harin tafe alhali ayarinka na hanya, ka duba agogon dawowarsa nan take, ka sanar da abokan ƙawance su kawo jirage su tsare watan kafin ya iso.