Mai Sayarwa Kuma Mai Tsaro

Jama'a masu sauraro, daga Wudil har Maigatari, barkanmu da war haka.

Akwai ƙasashen da gwamnati da kanta take buɗe shagon giya. A Suwidin, tun 1955 kusan kamfanin gwamnati mai suna Systembolaget ne kaɗai ke da izinin sayar wa mutum giya mai ƙarfi ya tafi da ita gida. Sai ka cika shekara 20, ranar Lahadi shago a rufe, wanda ya zo a buge ba a sayar masa, kuma ba ragin farashi don jan ciniki. Hujjarsu ita ce ɗan kasuwa riba yake nema, gwamnati kuwa za ta iya cewa a'a.

To amma ku leƙa jihar Tamil Nadu ta Indiya. A 2003 gwamnatin jihar ta karɓe shagunan ta miƙa wa kamfaninta TASMAC. Yau kuɗin giya na cikin manyan hanyoyin shigar jihar, mata na ta zanga-zangar a rufe shagunan da ke kusa da makarantu da wuraren ibada, masu saye na kukan ana tsawwala musu fiye da farashin da ke jikin kwalba. Gwamnatin da ke biyan albashi da cinikin giya, yaya za ta yi ta ce a rage sha? An ba kura ajiyar nama ke nan.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da Kano da Jigawa suka ƙaddamar da Shari'a tun shekarar 2000, Hukumar Hisba ta Kano kuma ta samu dokarta a 2003. Haka ne, gwamnatocinmu ba su da shago. Sai dai harajin VAT da ake tarawa a ƙasa, har da na kamfanonin giya, Abuja ke raba shi, kuma kasonmu na zuwa duk wata. Ba a cika son jin wannan ba, amma mu ma ba mu fita tsaf ba.

Sannan fasa kwalabe a gaban 'yan jarida abu ne mai sauƙi. Mai wuya shi ne yammacin ranar kasuwa a ƙauye, lokacin da matashi ya sayar da buhun riɗi, ya zaga bayan tasha. Ba katan yake nema ba, 'yar leda ce da ake cusawa a aljihu, ko tiramol, ko sholisho. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta fara aiwatar da haramcin giyar leda a farkon 2024, masu masana'antu suka yi ca, aka ɗage wa'adin.

Don haka tambayarmu ga shugabannin ƙananan hukumomi da iyayenmu hakimai: wa ke duba lasisin kemis ɗin da ke bakin kasuwa, kuma yaushe rabon da a rufe wanda aka kama yana sayar wa yaro ƙwaya ba takardar likita?