Kazarka ta fara cara? Ajiye wuƙar tukuna

Jama'a barkanmu da warhaka. Kwanan nan bidiyon kaza tana cara ya cika wayoyin mutane, wannan ya ce wallahi cutarsa aka yi a kasuwa aka haɗa shi da zakara da sunan sagara, waccan ta ce ita kakarsu cewa ta yi a yanka kawai, wai kaza mai cara ba alheri ba ce a gida. To a ɗan dakata, a kamo tsuntsun mu duba.

Gaskiyar farko dai mai ɗaci ce, mafi yawan lokaci abin da kake kira kazarka ɗan zakara ne da ya girma a gabanka ba ka lura ba. Musamman wanda ya sayi 'yan tsakin Noiler (kajin nan da ake kiwo don nama da ƙwai) ko na Hausa, don galibi a cakuɗe ake sayar da su, maza da mata. Wata 4 zuwa 5 sai ka ji wata murya a shaƙe da asuba, ba daɗin ji, shi ne sabon cara yana gwaji. Wanda ya sayi leyas, wato kajin ƙwai na gidan gona, irin su ISA Brown shi da sauƙi, tun ranar ƙyanƙyasa ake ware su da launi, matan jajaye-jajaye mazan farare.

Amma cara kaɗai ba hujja ba ce. Zanko ma haka, sai ka ga kaza da zanko jawur har ya kwanta gefe, kuma ƙwai take yi kullum. Leɓe, kaurin ƙafa, tsayi, duk suna taimakawa idan kana da 'yan uwansa sa'anninsa da za ka jera su ka kwatanta, in shi kaɗai ne a gidan da wa za ka kwatanta? Ƙaimi kuwa tsohuwar kaza ma tana fitar da shi, sannan ɗan zakara mai wata 4 bai da wani ƙaimin kirki sai ɗan tudu.

Ga inda nake so ku tsaya. Gashin gadon baya, nan dab da inda wutsiya ta fara. Ba wutsiyar ba fa, nan ne mutane ke ɓata lissafi, kowa sai ya tafi neman dogon gashin nan mai lanƙwasa na wutsiya, shi kuwa wannan a makare yake fitowa, wani zakaran ya daɗe yana cara kafin ya cika. Daga wutsiyar ku dawo kaɗan wajen gadon baya, nan ne wurin.

Ka riƙe shi a hammata yadda fukafukai ba za su buɗe ba, ka fito waje cikin haske, ka samu farar takarda ko kwali ka zura a ƙarƙashin gashin wurin, in tsuntsun fari ne ka sa kwali mai duhu. Yanzu dubi bakin gashin ɗaya bayan ɗaya. Na kaza gajere ne mai faɗi, bakinsa a zagaye kamar bakin cokali, kuma ba ya wani sheƙi. Na zakara siriri ne dogo mai tsini, yana ƙyalli idan rana ta taɓa shi, in ya ƙara girma sai ka ga ya zubo ta gefe da gefe ya rufe ƙarshen fukafuki. Ka jera na kaza da na zakara ka sake kallo. Ko yaro ka nuna wa zai bambance.

Sai dai lokaci, don Allah a kula da wannan. Kafin wata 3 kusan dukkansu gashin a zagaye yake, ka duba ɗan sati 8 ka ga zagaye ka yi ta murna ka samu mai ƙwai, ashe malam bai canza riga ba ne tukuna. Daga sati 12 zuwa 16 ne masu tsinin ke fara ɓullowa, kuma da farko a ɓoye suke a ƙarƙashin tsofaffin, don haka sa yatsa ka ɗaga gashin sama ka leƙa ciki, in ka ga sababbi sirara masu sheƙi suna tasowa to magana ta ƙare. Gashin wuya ma yana nuna haka amma ni ban cika yarda da shi ba, wasu kajin nasu ma da ɗan tsini.

To idan ta haura wata 5, gashi a zagaye, ga cara kuma fa? Kaza ce, kuma ba aljanu. Wani lokaci garken ne babu zakara sai babbar cikinsu ta ɗauki mulki, ita ce gaba wajen ci, ita ke korar kowa, har ta ɗan taɓa cara gajere, kuma tana ci gaba da ƙwanta. Sau da yawa in aka kawo zakara sai ta yi shiru.

Ɗayan dalilin daga cikin jiki yake. Kaza da mahaifar ƙwai ɗaya take aiki, ta hagu. Idan ciwo ko ƙari ya lalata ta, sinadarin mace ya yi ƙasa, sai ta daman da take kwance tun tana tsako ta farka ta fara fitar da sinadarin namiji. Zanko ya ƙara girma, ƙwai ya tsaya, cara ya zo, in ta sake gashi ma sabon ya fito da tsini. Kama ce kawai, kar ka sa ran za ta ba ka 'yan tsaki.

Kuma kafin a yi wa kakanninmu dariyar camfi, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1474 gurfanar da zakara aka yi gaban shari'a bisa zargin ya yi ƙwai, aka ƙone shi a bainar jama'a. Mu ko ba komai miya muke yi da tamu.

Ni a ganina in tana cara tana ƙwai, ka bar ta ta yi ta waƙarta, sai dai in maƙwabta sun fara sallama. In kuwa ƙwan ya ɗauke makonni, zanko na ta girma, ga tsadar buhun abinci, to ka duba in lafiyarta ƙalau, ba kasala ba zawo, sannan ka ɗauko wuƙar.