Cutar ramar barewa: shin akwai hatsari ga mafarauta?

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Cutar da zan yi magana a kanta yau tana kama barewar Amurka da danginta. Can suna kiranta CWD, mu sai mu ce cutar rama. An fara ganinta a 1967 a wata cibiyar bincike da ke jihar Kolorado. Yanzu ta shiga jihohi sama da 30, ta shiga Kanada, a 2016 kuma ta ɓulla a Norway, inda sai da hukuma ta harbe garke guda na dabbobi fiye da 2,000 don a tare ta.

To, tana kama mutum? Har yau ba a tabbatar da ta kama ko mutum ɗaya ba. Amma ni hankalina bai kwanta ba, kuma ga dalili.

Abin da ke haddasa ta furotin ne na jikin dabbar da ya lanƙwashe ba daidai ba, ana ce masa firiyon. Ya taɓa ɗan'uwansa, shi ma ya lanƙwashe, a hankali a hankali har ƙwaƙwalwa ta yi huji-huji kamar soso. Ba magani, ba rigakafi. Yana fita ta miyau da fitsari da kashi, ya yi shekaru a cikin ƙasa. Jama'a, ku riƙe wannan da kyau: dahuwa ba ta kashe shi. Mun saba cewa in nama ya sha wuta shi ke nan. A nan gashi da tafasa duk ba su kai ba.

Ido ma ba ya gane ta. Dabba kan yi fiye da shekara da cutar tana kiwo da ƙibarta, kafin ta fara ramewa, tana dalalar da miyau, tana tangaɗi, ta daina gudun mutum.

Ku tuna ciwon haukar shanu a Birtaniya, shi ma firiyon ne. An gano shi a 1986, aka yi ta cewa ba ya kama ɗan Adam. Sai a 1996 gwamnati ta amince akwai alaƙa tsakaninsa da wata cutar ƙwaƙwalwa a mutane, wadda a jimilla ta kashe mutum 178 a ƙasar. Gwajin cutar barewa a kan birai kuwa ya rabu biyu: wani jinsin ya kamu, wani binciken na shekaru 13 bai ga komai ba.

Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ke cewa maharbi ya sa safar hannu wajen fiɗa, ya rage taɓa ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya, in a yankin cutar ya yi harbi ya kai a gwada kafin a ci. In gwaji ya nuna akwai ta, kada kowa ya ci naman. 'Yan'uwanmu mazauna can, in maƙwabci ya kawo muku naman barewa, ku tambaye shi ina ya harbo ta, kuma an gwada?