Gaskiyar wa ake nunawa a fim ɗin dokumentari?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Kabiru da Nura, kan fim ɗin dokumentari, wanda wasu ke kira fim ɗin gaskiya. Malam, gaskiyar wa?

Malam Kabiru: Tambayar nan ta girme mu duka, Hadiza. A 1922 Robert Flaherty ya fitar da Nanook of the North, kan mutanen Inuit na arewacin Kanada. Wanda aka kira Nanook, sunansa na ainihi Allakariallak, kuma da bindiga yake farauta. Flaherty ya sa ya ajiye ta ya ɗauki mashi. Har an nuno shi yana cizon faifan garmaho, wai bai san mene ne ba.

Nura: To Malam, ai da mashin kakanninsa suka yi farauta. Mutumin ya adana abin da ke shirin ɓacewa ne.

Malam Kabiru: Da ya faɗa wa mai kallo haka, da babu magana. Sai ya bar mutane suka fita daga silima suna yi wa Inuit kallon waɗanda kansu bai waye ba, su kuwa ba su da bakin kare kansu.

Hadiza: Ni abin da ya fi damuna ɗakin editin ne. A yi hira da dattijuwa tsawon awa biyu, a ɗauki minti ɗaya. Ta ɗan yi shiru tana lalubo kalma, edita ya ɗauke shirun nan ya liƙa shi bayan tambaya mai zafi, ya shimfiɗa kiɗa a ƙasa. Shi ke nan, ta koma mai ɓoye wani abu. Babu kalmar da aka ƙara mata, amma wallahi an cuce ta.

Nura: Na yarda. Sai dai kada mu ce duk abin da aka shirya don kyamara yaudara ne. A fim ɗinsa na 1988, Errol Morris ya sa 'yan wasa suka maimaita kisan da aka yi wa wani ɗan sanda a Dallas ta Amurka, kowane karo yadda wani shaida ya ba da labari. Mai kallo ya ga da idonsa maganganun ba su haɗu ba. A 1989 aka sako Randall Adams, wanda aka ɗaure bisa wannan kisan, bayan kusan shekara 12 a kurkuku.

Malam Kabiru: Ka kawo ni inda nake so. Morris ya ɗauki ɓangare, kuma bai ɓoye ba, kowa ya san 'yan wasa yake kallo. Kwatanta da fim ɗin 2021 kan Anthony Bourdain, shahararren mai girki kuma mai gabatar da shirin talabijin a Amurka, wanda ya rasu a 2018. Aka sa ƙirƙirarriyar basira ta kwaikwayi muryarsa tana karanta abin da ya rubuta, ba a sanar da masu kallo a cikin fim ɗin ba.

Hadiza: Kalmominsa ne fa, Malam.

Malam Kabiru: Nasa ne, amma bai furta su da wannan sautin ba. Inda murya ta karye, inda aka ja numfashi, wani ne ya zaɓa masa bayan ransa.

Nura: Ni dai da zan yi fim, sai na nuna wa mutanen ciki kafin ya fita.

Hadiza: Har da mai mulkin da kake bincike a kansa?

Nura: A'a, shi dama zan ba shi ya amsa zargin, amma ba zai taɓa min editin ba. Dattijuwar nan taki kuwa, sai ta gani tukuna.