Hirar Dandali: odiyon da ya kusa tayar da gari

Yaya: Jama'a salamu alaikum, yau ba dogon gaishe-gaishe, kowa ya san abin da ake ta yi a gurup ɗin WhatsApp tun ranar Lahadi da aka dawo daga kasuwar Gujungu.

Auta: Odiyon nan ko?

Yaya: Shi fa. Wai "Fulani sun shigo, kowa ya fito da abin hannunsa". Alhali shanu ne 'yan kaɗan suka kuɓuce wa yaro suka faɗa gonar wake, kuma wallahi mai maganar ko gonar bai taka ba, a teburin mai shayi ya ji, kafin isha'i har samari sun fara ɗaukar gora.

Malam: Ai suratul Hujurat aya ta 6 ta gama magana, in an zo muku da labari ku bincika kada ku cutar da mutane cikin jahilci...

Yaya: Yauwa Malam, shi nake so in ce. Ka faɗi abin da idonka ya gani. Shanu nawa, gonar wa, yaushe. Da ka ce "Fulani" ka haɗa da mai kawo mana nono kullum da safe, ka haɗa da Arɗo da muke sahu ɗaya da shi ran Juma'a.

Auta: Ni abin da ya ban dariya Yaya, mutum zai ce a fito yaƙi amma sai da ya yi gaisuwa tukuna, ina gajiya, ya iyali, ya ƙoƙari.

Malam: Har da ya aka ji da sanyi!

Auta: Datata ta ƙare ban kai wajen shanun ba.

Yaya: Kai da kullum datarka a ƙare take, ko ran sallah sai ka roƙi hotsifot.

Auta: To ai rowarku ce ta ja, fasuwod kamar lambar asusun banki.

Yaya: Mu dawo dai. Kaka ce, burtali ya matse saboda noma ya cinye shi, kowa ya san yadda ake ji a wajen Guri da Kirikasamma in lokacin nan ya zo. Hanya kuma ba ɓoyayyiya ba ce, mai gona ya je wa mai unguwa, a kira Arɗo, a taka gonar tare a kimanta ɓarna a biya, in ta faskara a wuce gun dagaci ko hakimi. Wannan karon ma da mai unguwa ya buga wa Arɗo waya cikin daren ai da safe aka zauna a zaure aka kashe maganar.

Malam: Yaya mun ce za mu kawo shawara ga masu riƙe da gurup.

Yaya: Kash, batir ya yi ja kuma ga ladan can yana gyara lasifika. Admin dai ya riƙa goge irin wannan, sauran sai mako mai zuwa. Auta kashe mana.